Ɗalibin akanta: yadda za ka yi karatun, da inda zai kai ka

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na ilimi da sana'a, mun rubuta shi saboda waɗanda ba su samu sauraro ba, da kuma waɗanda suka ce alƙaluman da muka kawo sun yi musu sauri a rediyo. Magana ce da kai ɗalibi, da ke ɗaliba, masu karatun akanta, abin da 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru ke kira kwantabilite. Ko kana jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, ko Bayero a Kano, ko wata kwalejin kimiyya da fasaha, abin da za mu faɗa ya shafe ka. Mun san cewa da yawanku an sayar da gero ko akuya kafin a biya kuɗin rajista, don haka ba za mu ɓata maka lokaci da daɗin baki ba.

Abu na farko: akanta ba karatun kwance ba ne. Akwai darussan da za ka kwanta a tabarma ka karanta su kamar labari, kuma su zauna. Wannan kam sai da biro da takarda. Idan malami ya warware lissafi a allo ka gyaɗa kai ka ce ka gane, to abin da ka gane shi ne malam ya iya. Kai ba ka san ko ka iya ba sai ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka sake yin lissafin daga farko ba tare da leƙe ba. A nan ne za ka ga inda hannunka ke tsayawa, kuma daidai wurin nan ne karatunka yake. Awa ɗaya kullum ta fi awa goma a daren jarrabawa, domin darasin yau a kan na jiya ake gina shi. Wanda bai riƙe yadda ake shigar da ciniki a littafi ba a watan farko, in aka zo lissafin ƙarshen shekara zai zama ɗan kallo. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma, musamman lokacin bazara, ka riƙe bayan sallar asuba. Da sauran sanyi, kai ma bai gaji ba.

Yanzu bari mu daɗe a kan abin da ya fi kayar da sababbin ɗalibai, wato debit da kiredit. Tsarin ya tsufa: wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Venis a 1494, kuma 'yan kasuwar can sun riga shi amfani da shi. Ma'anarsa ita ce kowane ciniki fuska biyu gare shi, inda abu ya fito da inda ya tafi. Debit shi ne ɓangaren hagu na asusu, kiredit shi ne na dama. Shi ke nan. Kada ka fassara su da “asara” da “riba”, ko “mugu” da “nagari”, nan ne ake ɓata.

Ga misali. Ɗan kasuwa a Maraɗi ya karɓi shinkafa ta sefa 500,000 bashi daga wajen dila. Kaya sun shigo, sai a rubuta 500,000 a hagun asusun sayen kaya. Bashi ya hau kansa, sai a rubuta 500,000 a daman asusun dilan. Bayan sati biyu ya biya 200,000 daga aljihun shago. Bashi ya ragu, a rubuta 200,000 a hagun asusun dila. Kuɗin hannu sun ragu, a rubuta 200,000 a daman asusun kuɗin hannu. Duba asusun dilan yanzu: dama 500,000, hagu 200,000, saura 300,000 ake binsa. Ba ka haddace komai ba, tambaya biyu kawai ka yi wa kanka, me ya shigo, daga ina ya fito.

Wani zai ce, to Malam, me ya sa in kuɗi suka shigo mini banki saƙon waya ke cewa an yi mini kiredit, alhali a aji an ce kuɗi in sun shigo banki debit ne? Tambaya mai kyau, kuma kusan kowace shekara sai an yi ta. Saƙon nan daga littafin banki ya fito, ba daga naka ba. A wajen banki, kuɗinka bashi ne da kake binsa, saboda haka a damansa yake rubuta su. A naka littafin kuwa dukiyarka ce ta ƙaru, sai ka rubuta a hagu. Ciniki ɗaya ne, littafi biyu, kowa na kallo daga inda yake tsaye. Ranar da wannan ya zauna maka, daidaita lissafin banki da na kamfani zai daina ba ka tsoro.

Haka batun riba da kuɗin hannu. Mai shago ya sayi janareta a kan sefa 600,000, ana sa ran zai yi aiki shekara 5. Kuɗin sun fita rana ɗaya, amma ba a ɗora wa shekarar farko nauyinsu duka. Ana raba su, 120,000 kowace shekara, a matsayin tsufan kaya. Shi ya sa za ka ga littafi ya nuna riba alhali akwati ba kuɗi, ko akwati cike alhali ana cin uwar kuɗi. Yawancin 'yan kasuwarmu da suka karye, a tsakanin waɗannan biyun suka faɗa. In ka iya bayyana wa kawunka wannan da Hausa har ya gamsu, to ka iya shi fiye da wanda ya haddace ma'anarsa da Faransanci ko Turanci. Gwaji ne da muke ba kowa shawara ya riƙa yi: bayan kowane babi, ka nemi wanda bai yi boko ba ka yi masa bayani.

Ƙungiyar karatu tana da amfani in ba ta wuce mutum uku ko huɗu ba, kuma kowa ya gwada lissafin shi kaɗai kafin a haɗu. In ba haka ba, mutum ɗaya ke aiki sauran na kwafa, a ƙare da shayi da hirar ƙwallo. Tsofaffin takardun jarrabawa kuma ka yi su da agogo a gabanka.

To sai mu zo kan abin da ya sa gidan rediyo irin namu, mai masu sauraro a ɓangarori biyu na iyaka, ya ga dole ya yi wannan magana. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar 'yan awoyi ce, haka daga Ƙonni zuwa Illela taku kaɗan ne, amma tsarin akanta biyu ne mabambanta.

A Nijar, Chadi, Kamaru, Benin da sauran ƙasashen ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993, ana bin tsarin SYSCOHADA. An yi masa gyara a 2017, sabon ya fara aiki daga 1 ga Janairun 2018. A wannan tsari kowane asusu da lambarsa, kuma lambar ɗaya ce daga Yamai har Yawunde. Rukuni na 1 jari da basussuka masu dogon zango, na 2 kadarori masu daɗewa, na 3 hajar da ke sito, na 4 waɗanda ake bi da masu bi, na 5 kuɗin banki da na hannu, na 6 abin da aka kashe, na 7 abin da aka samu, sai na 8 ga abubuwan da ba na yau da kullum ba. Shinkafar ɗan kasuwarmu na ɗazu, a can za a ce 601 a hagu, 401 a dama. Ranar biya kuma 401 a hagu, 571 a dama. Abokin ciniki 411 ne, banki 521, sayar da kaya 701. Kada ka zauna haddar lambobin kamar karatun allo. Ka riƙe ma'anar lambar farko, sauran za su zauna da yawan aiki.

A Najeriya da Gana kuwa babu jerin lambobi ɗaya da aka ɗora wa kamfanoni masu zaman kansu, kowane kamfani na tsara nasa. Abin da ake bi shi ne ƙa'idojin duniya na IFRS, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su daga 2012. A nan an fi matsa wa ɗalibi ya yi hukunci da kansa, ya kuma kare dalilinsa a rubuce.

Wanne ya fi? A ganinmu tambayar ba ta da amfani. Wanda ya iya biyun shi ne ɗan kasuwar da ke saro kaya a Kantin Kwari ya sayar a Damagaram zai nema ido rufe, haka kamfanonin sufuri da ƙungiyoyin agaji masu ofis a ƙasashe biyu. Ba sai ka yi digiri biyu ba. Ɗan Nijar ya koyi Turancin da zai iya karanta rahoton kuɗi, ɗan Najeriya ya koyi Faransancin da zai gane takardar kaya da jerin lambobin nan. Hausa kuma ta riga ta haɗa ku a kasuwa.

Akwai ƙananan tarkuna a kan iyakar nan da ba a cika koyar da su a aji ba. Harajin kaya, wanda ake kira TVA a Nijar, kashi 19 ne cikin ɗari. VAT na Najeriya kuma kashi 7.5 tun 2020. In aka ba ka rasit na sefa 119,000 haɗe da haraji, kada ka cire kashi 19 na 119,000, zai ba ka 22,610, kuskure ne. Raba 119,000 da 1.19, ka samu 100,000 kuɗin kaya, haraji 19,000. Sai rubutun lamba: Bafaranshe na sa waƙafi inda Bature ɗan Ingila ke sa ɗigo, saboda haka 1,250 na iya zama dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin a Kano, ya zama ɗaya da kwata a Yamai. A Excel wannan kaɗai ya isa ya rusa lissafin wata guda. Sai kuma bakin kasuwa: a Nijar in an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, jika kuma sefa 1,000. Ka tambaya kafin ka rubuta. Sefa ma biyu ce, ta Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya; darajarsu a kan yuro ɗaya ce, 655.957, amma bankunan da ke buga su daban ne. Naira kuwa tana hawa tana sauka. A ce an karɓi kaya bashi a Kano na naira miliyan ɗaya, ranar nan daidai suke da sefa 400,000, ranar biya sun koma 430,000. Wannan 30,000 asarar canji ce, kuma sai ta fito a littafi da sunanta.

Game da takardun ƙwarewa, ka fara tunaninsu tun kana makaranta. A Najeriya akwai ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, da ANAN mai kwalejinta a jihar Filato. A Gana akwai ICAG tun 1963. Akwai kuma jarrabawar ATSWA ta ƙananan ma'aikatan akanta na Afirka ta Yamma, mai mataki uku, wadda ɗalibi zai iya fara ta tun bai gama digiri ba, kuma wanda ya gama ta ana yafe masa wasu darussa a gaba. A Nijar ƙungiyar ƙwararrun ita ce ONECCA, babbar takardar yankin UEMOA kuma ita ce DECOFI, hanya ce mai tsawo da ta haɗa da shekarun koyon aiki a ofishin ƙwararre. Kuɗin rajista da sharuɗɗa suna canzawa, saboda haka ka je ofishinsu ko shafinsu na intanet da kanka, kada ka dogara da “an ce”.

Amma kafin duk wannan, ka nemi inda za ka taɓa takardun gaske. In ka samu staji a banki ko ofishin masu binciken kuɗi, madalla. In ba ka samu ba, kada ka zauna jira. Shagon yayanka, kantin magani na unguwa, ƙungiyar mata masu adashi, kwamitin masallaci, duk suna da kuɗin shiga da na fita, kuma yawancinsu a ka ake riƙe lissafin. Ka roƙi izini ka riƙe musu littafi na wata uku. A can za ka haɗu da abin da babu a littafin makaranta: rasit da ya jiƙe, bashin da ba a rubuta ba, maigida da ya zari kuɗin cefane daga akwatin shago bai faɗa wa kowa ba. Ranar ganawar neman aiki, wannan labarin ya fi “na iya aiki da jama'a” nauyi nesa ba kusa ba. Ka haɗa da Excel sosai, ba buɗewa da rufewa kawai ba, sannan manhaja ɗaya ta akanta, Sage a ɓangaren masu Faransanci, QuickBooks ko Sage a ɗaya ɓangaren.

Saura magana ɗaya da ba ma so mu tsallake, ko da ba ta da daɗi. Wata rana wani zai ce maka, “Ɗana, gyara mana lambar nan kaɗan,” ko ya nemi littafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na masu haraji. Mai yiwuwa wanda ya ba ka aikin ne, mai yiwuwa ma ɗan uwa ne da kake jin nauyinsa. Ka sani tun yanzu cewa in bincike ya zo, hannun da ke kan takarda ake fara nema, kuma naka ne. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka saba tun ranar farko: ba ka shigar da komai sai da takardar shaida, umarnin baki kuma ka nemi a rubuta maka shi, cikin ladabi, “Alhaji, a sa mini hannu a nan saboda fayil.” Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Sabon nan kuwa daga aji yake farawa, ranar da lissafinka ya ƙi daidaita da sefa 900 kana ganin za ka iya cusa lambar a rufe. Kada ka cusa. Bambancin da ke rabuwa da 9 sau da yawa alama ce ta an juya lambobi biyu, kamar a rubuta 3,200 a maimakon 2,300. Koma ka bi layi-layi, za ka same shi.

A fili na gaba za mu duba yadda ake rubuta takardar neman staji da Faransanci da Turanci. Masu tambaya su aiko ta hanyoyin da aka saba, a faɗi gari da ajin da ake ciki.