Suna Ɗaya, Masu Shi Biyu: Rikicin Fayilolin Sanarwa a Manhajojin Linux

A ƙarshen watan Yulin 2023 aka fitar da sabon zubin glibc mai lamba 2.38, wato babban laburaren harshen C da akasarin kwamfutocin Linux ke dogaro da shi. Ba a jima ba wasu manhajojin da suka shekara da shekaru ana haɗa su lami lafiya suka fara ƙin haɗuwa, alhali ba wanda ya taɓa rubutunsu. Abin da ya jawo haka ƙananan ayyuka ne guda biyu da aka ƙara a fayil ɗin string.h: strlcpy da strlcat.

Mai rubuta manhaja da harshen C ba ya ƙirƙirar komai daga tushe. Yana aron ayyukan da ke cikin laburare, kamar kwafar rubutu ko buɗe fayil. Fayil ɗin sanarwa, wanda sunansa ke ƙarewa da .h, shi ke shaida wa kwamfaila, wato manhajar da ke haɗa rubutun ya zama manhaja mai aiki, sunan kowane aiki, da abin da za a ba shi, da abin da zai mayar. Kamar allon ƙofar kanti yake, mai jera kayan da ke ciki. Idan aka sanar da suna ɗaya sau biyu ta hanyoyin da suka saɓa, kwamfaila ba ta zaɓa, tsayawa take yi cak.

Todd Miller da Theo de Raadt ne suka samar da strlcpy a OpenBSD a 1998, don rage haɗarin zuba rubutu fiye da wurin da aka ware masa, ɓarakar da masu kutse ke bi. Sauran dangin BSD da Solaris suka karɓa, amma masu kula da glibc suka ƙi tun a 2000. Sai masu manhajoji suka nemi mafita: wasu suka jingina da libbsd, laburaren da ke kawo ayyukan BSD zuwa Linux, wasu kuma kowa ya rubuta nasa. Waɗanda suka sa manhajarsu ta fara bincika ko tsarin na da aikin, suka kewaye nasu da sharaɗi irin #ifndef HAVE_STRLCPY, sun tsallake. Waɗanda suka ɗauka glibc ba zai taɓa sauya ra'ayi ba, suka ayyana nasu yadda ya saɓa da sabon, su ne abin ya rutsa da su shekara 25 bayan fitowar strlcpy.

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Agustan 2022, glibc 2.36 ya ƙara wasu sunaye a sys/mount.h waɗanda dama suna cikin linux/mount.h na ƙwayar Linux. Manhajar da ta kira fayilolin biyu tare sai ta ƙi haɗuwa, har manhajar systemd da wani sashe na kwamfailar GCC sai da aka yi musu gyara.

Lamarin Gnulib ya fi sarƙaƙiya. Wannan taskar GNU ce da manhajoji irin su coreutils da tar da Emacs ke kwafar sassanta zuwa cikin nasu rubutun, don su yi aiki a Linux da macOS da Solaris har da Windows. Akwai fayilolin da take tarayya da glibc a kansu, ciki har da cdefs.h. Ke nan tsohon kwafi na iya haɗuwa da sabon na tsarin a kwamfuta ɗaya, kuma duk gyaran da aka yi a ɓangare guda tilas a kai shi ɗayan.

A ganina haƙƙin ya rataya a wuyan kowane ɓangare. Laburaren da ya zo cike giɓi ya riƙa tambaya kafin ya ayyana suna, ya kuma janye da zarar tsarin ya samar da nasa. Masu babban laburare su gwada dubban manhajoji kafin su saki sabon zubi, kamar yadda Fedora ke sake haɗa manhajojinta gaba ɗaya kafin kowace fitowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutane ƙalilan ne ke wannan aikin daidaitawa, da dama daga cikinsu don sa kai, alhali manyan kamfanonin intanet a kansa suke tsaye. Ya kamata masu cin moriyar su ba da ma'aikata da injinan gwaji, kada su jira sai abu ya lalace.