Sassaucin Sarƙar Babur: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo

Wani saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan acaba da na matasan da suka soma hawan babur, inda ake ba sababbin mahaya shawarwari kan kula da sarƙa, wadda makanikai ke kira cen. Ba duk abin da ke cikinsa ne ƙarya ba, kuma wannan ne ma ya sa ya samu karɓuwa. Gaskiya ne cewa sabuwar sarƙa takan saki da wuri, don haka tana buƙatar dubawa tun a makonnin farko. Gaskiya ne kuma cewa sarƙar da ta yi sako-sako ƙwarai tana iya zamewa daga haƙora, ta maƙale, ta kulle tayar baya ana cikin gudu. Amma daga wannan gaskiyar ne marubucin saƙon ya tsallaka zuwa iƙirarin da ya fi kowanne illa, wato wai a ɗaure sarƙa tamau kamar tsarkiyar baka, kada a bar mata motsi ko kaɗan, domin wai hakan yana ƙara wa babur ƙarfi kuma yana rage shan mai.

Wannan magana ba ta da tushe, kuma dalilin yana cikin ƙirar babur ɗin kanta. Sarƙa tana zagaye farantai biyu masu haƙora, ƙarami a gaba wanda ke maƙale da sandar da ta fito daga giya, da babba a jikin tayar baya. Ita tayar baya ba a kafe take a wuri ɗaya ba, tana kan wani hannun ƙarfe ne mai lilo, wanda ke hawa da sauka tare da shokazoba duk sa'ad da aka taka rami ko aka ɗora kaya. Mahaɗar da wannan hannu ke lilo a kanta ba ta zauna daidai kan ƙaramin farantin ba, tana 'yan santimita a bayansa, saboda haka tazarar da ke tsakanin farantan biyu tana sauyawa da motsin tayar, kuma tana kai maƙurarta ne lokacin da cibiyar ƙaramin faranti da mahaɗar da cibiyar tayar suka daidaita a layi ɗaya. Babur ɗin da ke tsaye babu kowa a kansa bai kai wannan layi ba. Nauyin mahayi da goyo da buhun hatsi ne ke tura shi zuwa can. Ke nan sassaucin da ake bar wa sarƙa, wato 'yar damar motsi sama da ƙasa, ba sakacin maƙera ba ne, tanadi ne na tsawon da za a buƙata idan kaya sun hau. Wanda ya cinye wannan tanadi tun babur yana tsaye a bakin gareji, to bai bar komai ba domin hanya.

Idan aka ɗora nauyi a kan sarƙar da ba ta da sauran sassauci, dole ƙarfin ya sauka a wani wuri. Yakan sauka a kan boris ɗin sandar giya, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar ke juyawa a kansu, da robar da ke tare baƙin mai a bakin sandar, wadda idan ta lalace sai mai ya fara tsiyaya ta bayan ƙaramin farantin. Yakan sauka kuma a kan boris ɗin tayar baya da haƙoran farantai da gaɓoɓin sarƙar kanta, sannan ya hana shokazoba aikinta, ta yadda tayar ba ta bin ƙasa yadda ya kamata a hanya mai gargada. Ba kowace ɗaurarriyar sarƙa ce za ta tsinke ba, kuma babu mai iya faɗin ranar da wata za ta yi hakan, amma wadda ta tsinke a guje tana iya fasa jikin inji ko ta naɗe a taya. Canjin boris ɗin sandar giya kuwa sai an buɗe inji. Batun rage shan mai ma a juye yake, domin ƙarin tsauri ƙarin guga ne, guga kuwa ƙarfin inji yake ci.

Ba a zargin sabon mahayin da ya yarda da saƙon. Sarƙa mai sako-sako tana ƙara, tana dukan kwanon da ke rufe ta, tana fizga idan aka ba da wuta, kuma da zarar an ɗaure ta duk wannan yakan ɓace nan take, sai mutum ya ji kamar babur ɗinsa ya koma sabo. Ɓarnar ita kuma ba ta fitowa sai bayan makonni ko watanni, lokacin da babu mai danganta yoyon mai da gyaran da aka yi tuni. Wanda ba shi da uzuri shi ne wanda ya rubuta saƙon da murya irin ta gwani, alhali bai ɗauki minti biyar ya buɗe littafin da ke zuwa da babur ba, ya kuma tura shi ga mutanen da yawancinsu da bashi ko biya sannu-sannu suka sami abin hawan da suke ci da iyalansu a kansa.

Ma'aunin sassaucin da masu ƙera yawancin ƙananan baburan kwalta ke bayarwa yana tsakanin milimita 20 zuwa 30, baburan daji masu doguwar shokazoba kuwa sukan buƙaci fiye da haka, kuma adadin da ke littafin kowane babur, tare da yanayin da aka ce a kafe shi yayin awo, shi ne abin bi. Ana awon ne inji a kashe, giya a furi, a tsakiyar layin sarƙa na ƙasa, inda ake tura ta sama da yatsa sannan a danna ta ƙasa, a auna dukkan tazarar da ta motsa. Da yake sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya, wajibi ne a juya tayar a gwada wurare da yawa, a yi gyaran a kan wurin da ya fi tsauri. Bayan an sassauta babban notin sandar taya, sai a juya ƙananan notin gyara na hagu da na dama daidai wa daida, kaɗan-kaɗan, ana lura da zanen da ke jikin hannun lilon domin kada tayar ta karkace. Idan an ɗaure babban notin a sake aunawa, domin ɗaurin kan sauya ma'aunin. Wani abin da sababbin mahaya sukan manta shi ne birkin baya: a baburan da birkinsu ke aiki da sandar ƙarfe, irin su Boxer da Jincheng, ja da taya baya yana ja da birkin, don haka sai an sake daidaita shi, in ba haka ba ya riƙa kamawa yana zafi.

Sauran iƙirarin da ke cikin saƙon ba sa buƙatar dogon bayani. Cire gaɓa ɗaya ko biyu ba ya sabunta tsohuwar sarƙa, domin tsawon da ta ƙara daga cinyewar ƙusoshin gaɓoɓinta ya zo, kuma wadda aka ja daga bayan babban faranti har rabin haƙori ya bayyana ta gama aiki, canji take buƙata tare da farantanta biyu. Ƙonannen baƙin mai ya fi barin sarƙa a bushe, amma yana ɗauke da dattin inji, kuma man giya mai kauri ko man feshi na sarƙa ya fi shi. Fetur yana lalata ƙananan zoben roba da ke cikin wasu sarƙoƙi, don haka kananzir ne abin wanki. Shawarar shafa mai inji yana kunne, taya tana juyawa cikin giya, ita kam ta sha raba mutane da yatsunsu, kuma babu wani uzurin gaggawa da ya halatta ta.

Duk wanda saƙon ya iso wa kada ya tura shi gaba, wanda kuma ya riga ya bi shi ya mayar wa sarƙarsa sassaucinta kafin ya sake ɗaukar goyo, sannan ya duba bayan ƙaramin faranti ko mai ya fara tsiyaya.