Daga Abuja Zuwa Yankari: Wuraren Shaƙatawa Da Iyali Za Su Iya Yada Zango A Hanya

Da zarar makarantu sun ba da hutu, magidanta da dama kan ɗebi iyalansu a mota domin ziyarar 'yan uwa, amma kaɗan ne ke tsara tafiyar yadda yara za su ga ƙasar da suke ratsawa. Hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi ta Keffi da Akwanga ta hau Jos, sannan ta gangara Bauchi har dajin Yankari, tana cikin hanyoyin da suka fi yawan abin kallo a Najeriya. Sai dai kowane wuri a kanta yana da lokacin da ya fi kyau, yana kuma da irin nasa haɗarin. Wanda bai san waɗannan abubuwa biyu ba zai iya ƙona mai ya tarar da dutse babu ruwa, ko ya jefa 'ya'yansa cikin wahala.

Farin Ruwa da Assop

Zango na farko yana jihar Nasarawa. Daga Akwanga ake ratsewa zuwa Wamba, inda magangarar ruwa ta Farin Ruwa take. Ruwan yana faɗowa ne daga gefen tsaunukan Filato, daga tsayin da ya kai kimanin mita 150, kuma farin kumfar da yake yi ne ya jawo masa wannan suna. Hanyar ƙarshe zuwa wurin ba ta da kyau, musamman da damina, kuma sai an ajiye mota an ƙarasa da ƙafa. Saboda haka ya fi dacewa da iyalin da 'ya'yansu suka tasa, kuma a nemi ɗan gari ya yi jagora.

Masu ƙananan yara ko tsofaffi sun fi samun sauƙi a Assop, wadda ke gindin Hawan Kibo, kimanin kilomita 60 kafin a shiga Jos. Ita kusa da babban titi take, ruwanta kuma yana gangarowa ne a kan duwatsu zuwa wani tafki, ga bishiyoyin da za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu a ci abinci. Abin lura shi ne duwatsun da ruwa ke taɓawa suna da santsi, kuma idan an yi ruwan sama a saman tsauni, ruwan na iya ƙaruwa cikin ɗan lokaci ko da babu hadari a inda ake zaune.

Daga nan sai Hawan Kibo kansa, wanda direbobi suka sani da tsayi da lanƙwasa da yawan haɗarin manyan motoci. Kafin a hau shi ya kamata a duba ruwan lagireto. A kan hanyar dawowa kuma, direba ya sauke giyar mota ya bar injin ya riƙe ta, maimakon ya dinga taka birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

Tsaunukan Jos

Bayan an gama hawan, iska takan sauya nan take. Birnin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma a ƙa'ida zafi yakan ragu da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Wannan ne dalilin sanyin garin, wanda a daren Disamba da Janairu kan sauko kusa da digiri 10. Yaron da aka taho da shi daga Abuja da 'yar riga mara nauyi zai sha wuya idan ba a tanadar masa rigar sanyi da bargo ba.

A Riyom, kafin a isa Jos, akwai wasu manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Ana hango su daga titi, don haka tsayawar 'yan mintuna ta isa a kalla a ɗauki hoto.

Masu son hawan dutse kuwa sai su nufi tsaunukan Shere da ke gabashin birnin, inda ƙololuwa mafi tsayi ta kai mita 1,829. Daga sama ana hango Jos da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A nan ne Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta Gwamnatin Tarayya take da makarantarta ta hawan dutse. Ba dole ne iyali su kai ƙololuwa ba. Ƙananan tuddan da ke gindin tsaunin ma suna ba da damar hange mai nisa. An fi so a fara hawa da sassafe, tare da jagora, da takalmi mai kama ƙasa da isasshen ruwan sha.

Akwai wani haɗari da baƙi ba su cika sani ba. Haƙar kuza da aka shafe shekaru ana yi a Filato ta bar ɗaruruwan ramuka da suka cika da ruwa. A ido suna kama da tafkuna masu ban sha'awa, amma suna da zurfi kuma gaɓarsu na zaftarewa. Bai kamata a bar yaro ya matsa kusa da su ba, balle ya shiga wanka.

Wikki, zangon ƙarshe

Daga Jos zuwa Bauchi tafiyar kimanin kilomita 130 ce. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a ratse zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake.

An keɓe dajin ne a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a ƙasar nan. Abin da ya fi jan yara shi ne maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta garai-garai yake, ɗuminsa kuma yana nan a digiri 31 dare da rana. Wasu sassanta ba su da zurfi, wasu kuma sun kusa mita 2, don haka sai babba yana kusa. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, waɗanda ke nuna cewa mutane sun taɓa zama a dajin, da tudun Kalban da ake hango faɗin dajin daga kansa.

Ba a shiga cikin dajin sai da jami'an da ke kula da shi, kuma mai son kwana a tanti sai ya nemi izininsu su nuna masa inda zai kafa. Manyan birai sun saba da mutane a sansanin, sukan fizge abinci daga hannun yaro ko su shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Gidan sauro da riga mai dogon hannu suna da amfani saboda sauro da ƙudan tsando.

Wane lokaci ya fi dacewa?

A nan ne dole magidanci ya yi zaɓi. Farin Ruwa da Assop sun fi cika daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, amma a lokacin ciyawa ta rufe Yankari kuma dabbobi sun bazu saboda ruwa na ko'ina. Da rani kuwa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, dabbobin kan taru a bakin kogin Gaji, sai dai ruwan magangarun ya ja baya kuma zafi ya tsananta. Hutun Disamba shi ne tsaka-tsaki: hanyoyi sun bushe, hawan dutse ya yi sauƙi, ko da yake hazon hunturu na iya rage nisan hange.

Batun tsaro ma ba abin wasa ba ne. Wasu yankunan da hanyar ta ratsa, ciki har da Riyom, sun sha fama da hare-hare a shekarun baya-bayan nan. Saboda haka a tuntuɓi mutanen gari da jami'an tsaro kafin a tashi, a guji tafiyar dare, kuma kada a kafa tanti a wurin da babu masu gadi. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a kujerar baya. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122.

Kwana huɗu zuwa biyar sun isa a yi wannan tafiya ba tare da gaggawa ba: kwana biyu a Jos, biyu a Wikki, sauran a hanya. Ma'aunin da ya fi dacewa wajen tsara ta shi ne ƙarfin ƙaramin yaro da na dattijon da ke cikin motar. Inda suka gaji, nan ne zangon ranar.