Abin Da Ke Sa Fistin Ya Cije A Inji

Ba baƙon abu ba ne a birnin Kano a ga mutum yana tura babur daga Mandawari zuwa wurin makaniki, ko janareto ya tsaya cik da tsakar dare, a ja igiya ta ƙi motsi. In an kai gyara sai a ce inji ya buga, watau fistin ya cije a cikin silinda. Makaniki ya aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabo, a ɗaura, a yar da tsohon. Ba a jima ba sabon ma ya cije. Akawu ko malamin makaranta, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya biya kuɗin gyara sau biyu a kan cuta guda.

Mu a ganinmu kuskuren yana wurin yar da tsohon nan, gama shi ne shaidar da ta ga abin da ya faru, kuma an rubuta labarin a jikinsa ga wanda ya iya karatu.

Fistin dai da alminiyam a ke yinsa, silinda kuwa galibi cikinta baƙin ƙarfe ne. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma ɗan man da ke cikinta shi ke hana su gogar juna. To, in wuta ta taɓa su, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. Saboda haka in zafi ya wuce kima, ko mai ya yanke, sai ratar ta toshe, fistin ya gogi bango, ya narke ya manne. Abin tambaya shi ne, me ya kawo zafin, ko me ya yanke man?

A fara da fulogi. In bakinsa launin ƙasa-ƙasa ne, wutar tana ci daidai. In ya yi fari fat kamar toka, iska ta yi wa fetur yawa, irin wannan wuta kuwa ta fi zafi. Sa'an nan a ɗauki fistin a juya shi a rana. In ƙarzar tana gefen salansa, inda hayaƙi ke fita, zafi ne ya yi ɓarnar. A bincika kafireta ko ramukanta sun toshe, a duba kuma ko iska tana satar hanya ta wata roba da ta tsufa. Akwai masu matse kafireta da gangan don rage shan mai, musamman tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Abin da suka tsimi a gidan mai, makaniki ne ke karɓe shi.

In kuwa ƙarzar tana gefen kafireta, inda iska ke shiga, to a tuhumi ƙura. Wannan shi ya fi damunmu a nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta zuba mana. Sau da yawa mun ga an cire soson da ke tace iska an ajiye, wai inji ya fi ƙarfi in babu shi. Ƙurar nan in ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin zobba da bangon silinda a hankali.

Abin mamaki, mutanen ƙasashen ƙanƙara su ma suna fama da wannan. A Kanada, inda kamfanin Bombardier ya fito da babur mai tafiya a kan dusar ƙanƙara a 1959, dusar ce ke shiga ta kafireta ta wanke man da ke gefen nan, ta bar irin tabon da ƙura ke bari a wurinmu. Makanikansu sun san wata alama kuma: tabo huɗu a kusurwa huɗu na fistin. Wannan yakan faru in an tashi inji da sanyi aka taka masa wuta nan take, fistin ya buɗe tun silinda ba ta ɗumama ba. Sanyin asubar Janairu a Kano bai kai nasu ba, amma wanda ya makara zuwa ofis ya yi haƙuri na minti biyu ko uku.

In saman fistin ya fashe ko ya huje, fetur yana fashewa ba a kan lokaci ba. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, kuma irin wannan fashewa kan kai shi can. A duba ko fulogin ba nasa ba ne, ko saitin wuta ya goce, ko kuwa fetur ɗin ne. Wanda aka gauraya da kananzir, kamar yadda a kan samu a galan ɗin waɗansu 'yan bumburutu, yana sa inji ƙwanƙwasa. Masu karatu za su tuna Fabrairun 2022, sa'ad da kamfanin NNPC da kansa ya bayyana cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da kima.

Saura batun mai. Tsofaffin Vespa da ƙananan janareto na gida ba su da tukunyar baƙin mai, a cikin fetur a ke zuba musu shi. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na mai ga kashi 50 na fetur, watau ƙaramin cokali huɗu a lita guda, kuma mai ne na musamman, ba man juye ba. In an manta da shi sai fistin ya ƙarzu ta kowane gefe, a same shi a bushe ƙamas. Baburan yanzu irin su Bajaj, da A Daidaita Sahu da suka cika tituna tun da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya hana acaɓa a Janairun 2013, suna da tukunyarsu dabam, sai dai a riƙa duba sandar awo. Iska ce ke sanyaya yawancinsu, wanda ke rarrafe a cunkoson Kurmi da lungunan Jakara cikin zafin Afrilu kuwa ba ya samun ta, balle in laka ta cike haƙarƙarin silinda.

In an gano dalili aka gyara, kada a zura sabon fistin a silindar da alminiyam ya manne wa. A kankare ta, in ramin ya ci a faɗaɗa shi a sa fistin mai ɗan girma, sa'an nan a tafi da injin sannu, ba lodi, har tanki biyu ko uku su ƙare.