Katin Takubba Tara: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Duba ya shigo waya. Bayan masu bugun ƙasa da 'yan tsibbu da aka saba da su, yanzu matashi a Funtua ko Malumfashi kan ci karo da masu duba da kati a TikTok da Facebook, irin katin da Turawa ke kira tarot. Akwai guda da ya fi tayar da hankali: mutum zaune a kan gado cikin dare, ya rufe fuska da tafukansa, takubba tara jere a bango. Surutu ya yi yawa a kansa, ya kamata a tace.

Ana cewa tarot ilimin sirri ne da aka gada daga Misirar Fir'auna. Ƙarya ce. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro tarot a ƙarni na 15, kuma karta ce ta wasa a gidajen manyan Milan da Ferrara. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa daga Misira ta fito, ba tare da hujja ba, masu duba suka rungumi zancen. Hoton mai gadon kuwa wata mata ce ta zana shi, Pamela Colman Smith, aka buga a Landan a 1909.

Ana kuma cewa duk wanda katin ya fito masa, an yi masa jifa, ko wata masifa na tafe. Kati 78 ne gaba ɗaya. In an cakuɗa an zaro uku, kusan sau ɗaya cikin 26 wannan zai kasance a ciki, ko wa aka zaro wa. Ga Musulmi ma zancen a rufe yake, domin hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa katin ya faɗi halin da suke ciki? Domin halin gaskiya ne, kuma ya zama ruwan dare a yankinmu. Wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa a Faskari ko Sabuwa, da matar da aka sayar da masarar gida aka biya kuɗin fansarta, da yaran makarantar Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, da wuya a ce duk barcinsu ya dawo daidai. Wani ƙarar babur da dare ta ishe shi zabura. Wani mafarki ɗaya ke ta maimaita masa, gabansa na faɗuwa, ya daina zuwa gona ko da hanya ta yi lafiya, yana faɗa da iyali ba dalili. Duk wanda aka nuna wa wancan hoto a cikinsu zai ga kansa, ba sai mai duba ya san komai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake karɓar kuɗin irin waɗannan bayin Allah, a ƙara musu da zargin kishiya ko ɗan'uwa.

Likitoci sun san wannan ciwo na firgici bayan tashin hankali. In alamun sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, lokacin ganin likita ya yi, kuma ana samun sauƙi ta hanyar zama da ƙwararre, wani lokaci da magani. Masu cewa zuwa can na mahaukata ne, ko alamar raunin imani, sun yi kuskure. Addu'a da azkar ba su hana neman magani.

In akwai mai irin wannan hali a gidanku, ku saurare shi ba tare da tsangwama ba, ku raka shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.