Gidan Gilashi a Ƙasar Rana: Kafin Ka Ba Magini Umarni

Wani yayi ya shigo sababbin unguwannin masu hali a Kano da Kaduna da Abuja: a gina falo mai tsayin bene biyu, a rufe gabansa da gilashi daga ƙasa har sama, a ɗora baƙin rufi, a jera farantan sola, sai a ce an yi gida na zamani mai kare muhalli. Na shiga irinsa da la'asar a watan Afrilu. Gilashin yana kallon yamma, an saki labule masu kauri, an kunna fitilu da rana tsaka, na'urorin sanyaya ɗaki suna ta aiki, amma baƙi na share gumi. Ko da magariba ta yi batir ya ƙare, aka tayar da janareto. Maigidan kuwa mai sola yake zagi, wai ya sayar masa da jabun kaya.

Mai sola ba shi da laifi. Tun ranar da aka nuna wa mai zane hoto a waya, aka ce "irin wannan nake so", aka yi ɓarnar. Hoton na gidan Turai ne, inda mutane ke neman rana ta shigo ta ɗumama musu ɗaki. Mu kuma a bazara zafi yakan haura maki 40. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya gasa tayil da kujeru, zafin kuma ya rasa hanyar fita; duk wanda ya taɓa barin mota a rana da gilasai a rufe ya san sauran. Ga ƙurar hunturu da za ta mai da shi aikin wanki kullum.

Abin haushin shi ne gyaran ba ya cin ko sisi idan tun a takarda aka yi shi. Ranar hantsi da ta la'asar a kwance suke shigowa, don haka rumfa ko baranda ba ta tare su sosai. Bangon gabas da na yamma su ne za a rage wa tagogi, musamman yamma. Can ake kai sito da banɗaki da matakalar bene da garejin mota, su sha zafin a madadin ɗakunan kwana. Manyan tagogi a kai su kudu da arewa, inda rana ke bi ta sama, a fito da rufi ko baranda ta yi musu inuwa. Dukansu biyun suna buƙata, domin a yankinmu rana takan karkata arewa daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, ta koma kudu sauran shekara. Tagogin su kalli juna iska ta ratsa. In dai sai an sa babban gilashin, to a sa masa inuwa daga waje. Labule na ciki ne, zafi ya riga ya shigo kafin ya iske shi.

Sannan a daina sare duk bishiyar da aka tarar a fili don a malale shi da intalok. Darbejiya ko mangwaro a yammacin gida, nesa kaɗan da harsashi, ya fi ƙarin na'ura amfani. Rufi kuma a zaɓi mai haske, a sa abin tare zafi a saman silin.

Akwai masu cewa gini da ƙasa na talaka ne. Su je Dandaji a jihar Tawa ta Nijar su ga masallacin da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka zana, wanda aka kammala a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji. Francis Kéré na Burkina Faso, da ya yi suna da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando, shi ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, mafi girma a fagen zanen gini. Katanga mai kauri tana riƙe zafin rana, ba ta sake shi sai dare ya raba, abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya sani tun da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Siminti kuwa, sarrafa shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya.

Sola abu ne mai kyau, amma ita ce ta ƙarshe a lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuma kuɗin wutar rukunin Band A ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowace taga da aka buɗe a inda bai dace ba kuɗi take ci duk wata. Kafin ka sa hannu a zane, ka kai mai zanen filin da ƙarfe huɗu na yamma, ya nuna maka ɗakin da rana za ta faɗa wa da abin da ya tanadar masa. In ya ce "ai akwai esi", karɓi takardarka ka nemi wani.