Fargabar neman biza a ƙasar Damargu

Tun zamanin kaka da kakanni Damargu ƙasa ce ta matafiya. Cikin ƙarni na 19 ayarin Kel Ewe da fataken Gadamas sukan ya da zango a Jajiduna, su ɗauki gero da gashin jimina su nufi Agadas, wasu har Tarabulus. Abin da ake nema ga matafiyi a wancan lokaci shi ne madugun da ya san shi, da babban mutumin da zai tsaya masa. Yau takarda ce ke tsaya wa mutum, kuma samunta ya zama abin faɗuwar gaba ga ɗalibai, ƴan kasuwa da marasa lafiya na gundumomin Tanut da Balbeji masu son fita waje.

Ba kowace tafiya ke bukatar shiga ofishin jakadanci ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta shekarar 1979 ta ɗauke biza tsakanin ƙasashen ƙungiyar ga mai zaman kwana 90, kuma ko da Nijar ta fita daga cikinta ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba har sai an yanke wata shawara. Maniyyata kuwa, kamfanonin aikin haji ke nema musu biza ƙarƙashin kulawar hukumar COHO. Wahalar tana ga mai nufin Turai ko Amurka.

Da farko akwai nisa. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, daga can zuwa Yamai kusan 900. Sa'an nan akwai kuɗi: tun watan Yunin 2024 bizar ƙasashen Shengen ta koma Yuro 90, wato wajen jika 59 na sefa, ta Amurka kuma Dala 185 tun shekarar 2023, abin da ya haura jika 100. Wanda aka hana ba a mayar masa da ko dala. Ga magidancin da ya sayar da raguna ya haɗa guzuri, wannan kaɗai ya isa ya hana barci. Ƙofofin ma sun ragu, domin Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai cikin Janairun 2024, ta mayar da aikin ga ofisoshinta na ƙasashen yankin, Amurka kuma ta tsayar da ba da biza a Yamai cikin Yulin 2025.

Amma abin da ya fi tsorata jama'a shi ne ganawar kanta. Ana ɗaukar hoton yatsu, mutum ya tsaya gaban gilashi, jami'i ya yi masa tambayoyi da faransanci ko turanci, cikin ƴan mintoci a yanke hukunci. Mutane na hardace amsoshi kamar masu shirin jarrabawa, alhali tambayoyin duka ɗaya ce aka rarraba: in an bar ka ka tafi, za ka komo? Dokar shige da fice ta Amurka, a sashe na 214(b), ta ɗauki kowane mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama, sai fa in shi ya nuna akasin haka. Dokar Shengen ma ta ɗora wa jami'i auna niyyar komowa.

To, a nan ne mutumin Damargu ke cutuwa. Babu wanda ya fi shi dalilin komowa gida: ga gonar gado, ga rumbu, ga garke a daji, ga iyali masu jiran sa kafin damina. Sai dai ba ɗaya daga cikinsu da ke rubuce. Ƙaramin ma'aikaci mai takardar albashi ya fi mai raƙuma 50 ƙarfi a gaban gilashin nan, tun da jami'i ba ya ganin raƙumi, takarda yake karantawa. Da yawa daga manya ba a rubuta haihuwarsu ba, shi ya sa takardunsu ke cewa an haife su "wajen" shekara kaza. Wani kuma sunansa Mahaman a takardar haihuwa, Mamane a katin ɗan ƙasa, Mohamed a takardar makaranta. A garinsu kowa ya san mutum ɗaya ne. A ofishin jakadanci mutum uku ne.

Wannan fargaba ita ke tura mutane hannun dillalai masu alkawarin takardar banki ko ta gayyata ta jabu. Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji, kuma a nan asarar babba ce. Wanda aka hana don hujjarsa ba ta isa ba yana iya sake nema in halinsa ya sake, amma a dokar Amurka wanda aka kama da ƙarya cikin abin da ya shafi hukuncin biza yana iya rasa shiga ƙasar muddin ransa.

Galibin takardun gaskiya kuwa a gida ake fara neman su, ba a Yamai ba. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 don rubuta haihuwar jariri a cibiyar rajista. Wanda lokaci ya wuce masa sai ya nemi hukuncin alƙali, wanda da shi ne ake samun takardar zama ɗan ƙasa, sa'an nan fasfo. Gona ma tana da takarda: tun tsarin dokar karkara na shekarar 1993 aka kafa kwamitocin filaye, waɗanda ke ba manomi shaidar mallakar gado bayan an ji bakin maigari da maƙwabtan gona. Rasit ɗin lanho, takardar aure, da takardun haihuwar ƴaƴa duk hujja ce mai nuna inda rayuwar mutum take.

A nan akwai aiki gaban magadan gari da ma'aikatan rajista na Tanut da na Balbeji, wadda ta zama gunduma cikin shekarar 2011: su kula da rubuta suna iri ɗaya a kowace takarda tun ranar farko. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma suna da abin da iyayensu ba su samu ba, wato su karanta takardarsu da idonsu kafin su bar ofis, in an yi kuskuren harafi su nemi gyara nan take, domin bayan shekaru gyaran sai an je gaban alƙali.